Yini Guda a Kwale-kwale Tsakanin Tsibiran Farasan: Abin da Muka Biya da Abin da Muka Samu

A wani zauren WhatsApp na Hausawan Jidda na fara ganin tallar da ta kai mu Farasan, tsibiran Saudiyya da ke kudancin Bahar Maliya, kuma alkawuran da ke cikinta sun fi ƙarfin yini ɗaya. An lissafa kwale-kwale mai rumfa, da matuƙi masanin ruwa, da kurmin itatuwan da ke tsiro a cikin teku, da dolfin, da kunkuru, da murjani, da abincin rana mai zafi a kan tsibiri, sannan daga ƙasa, da manyan haruffa, an rubuta sunan dabbar nan da Larabawa ke kira aɗum, wadda 'yar'uwa ce ga ayun kogunanmu. Wannan alkawari na ƙarshe shi ne ya ja hankalin Kawu, ƙanin mahaifiyata, mutumin Yawuri wanda ya tashi a bakin Kwara, ya kuma shafe fiye da shekara talatin yana ɗinki a Jidda ba tare da ya taɓa sa ƙafarsa a cikin jirgi a Bahar Maliya ba. Mu biyar muka yi tafiyar a hutun makaranta na watan Janairu: ni, da uwargida, da 'ya'yanmu biyu, da shi Kawu. Ofishin shirya tafiye-tafiyen da ya fitar da tallar ya yanka mana riyal 900 kuɗin kwale-kwale na yini guda har da abinci, muka biya rabi tun muna Jidda, rabin kuma sai an dawo.

Isa can ba ta da wahala, sai dai nisa. Jazan tana kudu da Jidda da kimanin kilomita 700, daga tashar jiragen ruwanta kuma ake shiga babban jirgin fito wanda ke ɗaukar mutane da motoci kyauta sau biyu a rana, ya ƙetare da su zuwa babban tsibirin Farasan cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Abin da ake bukata shi ne a kama gurbi tun da wuri, musamman ga mai mota, a kuma riƙe iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, ko fasfo a hannu. A cikin jirgin muka haɗu da wasu Hausawan Makka, wata dattijuwa da jikokinta, wadda ta ji Kawu yana yi wa yara faɗa da Hausa sai ta juyo ta ce, "Sannu Baba, ashe namu ne," aka yi ta gaisuwa da tambayar unguwanni har muka sauka. Wannan ɓangare na tafiyar ba na ofishin ba ne, don haka ba shi da lada ko laifi a cikinsa.

Laifinsa ya fara ne da safiyar washegari. An ce mu kasance a bakin ruwa da ƙarfe shida da rabi, muka je a kan lokaci, amma wakilin ofishin bai bayyana ba sai takwas saura kwata, ba tare da ko kalmar ban haƙuri ba. Kwale-kwalen da ya nuna mana ba shi ne na hoto ba: ya fi shi ƙanƙanta, rumfarsa ta yage daga gefe guda, kujerunsa kuma katako ne da aka shimfiɗa wa tsohuwar darduma. Duk wannan da mun haƙura da shi, amma da aka fito da rigunan kariya daga nutsewa sai ga shi dukansu na manya ne, alhali tun a Jidda na rubuta musu shekarun yaran, ɗaya tara ɗaya shida. Wakilin ya ce a ɗaure musu na manyan da igiya, ai ruwan a kwance yake. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, 'ya'yana ba za su shiga jirgin nan ba sai an kawo riga daidai su, in kuwa babu, mu koma masauki." Gaskiyarta ne, domin rigar da ta fi yaro girma, da zarar ya faɗa ruwa sama take yi ta bar shi ya zame ta ƙasa.

A nan ne matuƙin ya sa baki, kuma daga wannan lokaci darajar tafiyar ta koma hannunsa. Mutanen gaɓar nan suna kiran shugaban jirgi nakuda, shi kuwa namu dattijo ne siriri, baƙi, mai furfura, ɗaure da zane irin na mutanen Tihama, wato yankin gaɓar Bahar Maliya, ɗan asalin tsibirin wanda ya ce kakansa mai nutso ne a zamanin neman lu'ulu'u. Bai yi musu da kowa ba. Ya tura yaron jirginsa a babur ya aro ƙananan riguna biyu a wajen maƙwabcinsa, ya sa wa yaran da hannunsa, ya ja maɗaurin ya gwada, sannan ya karɓi takardunmu ya kai wa jami'an tsaron gaɓa suka rubuta sunayenmu, kamar yadda ake yi wa kowane jirgi kafin ya fita, tun da iyakar Yaman ba ta da nisa daga nan. Da ya dawo sai ya dubi kudu ya ce mini da Larabci cewa an ci mana awa ɗaya da rabi daga mafi kyawun lokacin yini, domin a wannan yanayi iskar da suke kira azyab takan taso bayan azahar, ta dagula ruwa. Ya ce saboda haka zai juya tsarin ofishin: za mu fara da kurmi tun tsuntsaye ba su watse ba, tsibiri mai nisa kuma ya zo daga baya in ruwa ya yarda. Na ji daɗin cewa ya faɗa mini asarar da aka yi mana a fili maimakon ya rufe.

Kurmin Ƙandal yana arewacin babban tsibirin, kuma shi kaɗai ya isa dalilin zuwa Farasan. Daga nesa kore ne kawai kwance a kan ruwa, a ƙasar da kusan ko'ina farin dutse ne da ƙaya. Da muka matso sai nakuda ya rage gudu, muka shiga wata ƙaramar hanyar ruwa mai lanƙwasa tsakanin itatuwa, bayan 'yan mintuna kuma ya kashe injin gaba ɗaya ya ɗauki gora yana tura jirgin a hankali, irin tuƙin da Kawu ya ce bai sake ganinsa ba tun da ya bar Sarkawa a gida. Shirun da ya biyo baya shi ne abin da na fi tunawa: babu abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga gorar da ƙaramar ƙarar kaguwa a cikin laka. Itatuwan iri biyu ne, kuma ya nuna mana bambancinsu a kusa. Ƙandal, wanda kurmin ya ci sunansa, saiwoyinsa daga jikin gindi suke fitowa su lanƙwaso cikin ruwa kamar ƙafafun murhu, 'ya'yansa kuma tun suna kan uwa suke tsiro, su yi tsawo kamar kuɓewa, sannan su faɗo su kafe a laka ko ruwa ya tafi da su wani wuri. Ɗayan kuwa, shura, saiwoyinsa tsinke-tsinke ne da ke ɓullowa daga laka zuwa sama don su shaƙi iska, tun da lakar ba ta da ita. Nakuda ya tsinko ganyen shura ɗaya ya miƙa wa ƙaramar 'yata ya ce ta lasa bayansa, ta lasa ta yamutsa fuska ta ce gishiri ne. Ta ganyensa itacen ke fitar da gishirin da ya sha daga teku, kuma wannan darasi na daƙiƙa biyar ya zauna mata fiye da duk abin da na yi ƙoƙarin karanta mata a hanya.

A ƙarƙashin jirgin, tsakanin saiwoyi, ƙananan kifaye ne dubu bisa dubu, waɗanda ke fakewa a nan har su yi ƙwari kafin su fita teku, shi ya sa masuntan tsibirin ke ɗaukar kurmin a matsayin rumbunsu. A sama kuwa ƙwasaƙwasa ne zaune a kan rassa, manya-manya masu jakar wuya, har mutum ya yi mamakin yadda reshe ke ɗaukarsu, ga zalɓe iri-iri a tsaye cikin ruwa, ga shirwa tana shawagi. Abin da ya fi taɓa Kawu shi ne wata irin ungulu fara mai rawayar fuska, wadda Larabawa ke kira rakhama, kuma tana da yawa a Farasan. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce da ni, "Ɗana, rabona da ganin ungulu tun kafin a haife ka, da na je gida bara ko a mahauta ban ga ɗaya ba." Ba irin tamu ba ce, amma tafiyarta a ƙasa da yadda take karkata kai duk iri ɗaya ne.

Muna gab da fita daga kurmin nakuda ya ɗaga hannu ya nuna wani fili a bakin gaɓa. Barewa biyu ne, uwa da ɗanta, ƙanana ƙwarai, launinsu ya saje da ƙasa har sai da uwar ta motsa kunne na gane su. Ita ce barewar da ake kira idmi, kuma a Farasan ne mafi yawanta ya rage a duk Saudiyya, wanda yana cikin dalilan da suka sa aka killace tsibiran, har UNESCO ta sa su cikin jerin wuraren da take kare halittunsu a 2021, karo na farko da wani wuri a ƙasar ya shiga wannan jeri. Ba mu fi minti guda muna kallonsu ba, domin wani kwale-kwale ya shigo ta bayanmu a guje, da kiɗa a lasifika da samari suna ihu, barewar ta yi tsalle biyu ta ɓace, ƙwasaƙwasan ma suka tashi gaba ɗaya. Wanda ya hau wancan jirgi ya biya kuɗi kamar yadda muka biya, zai kuma koma ya ce ya je Ƙandal bai ga kome ba sai itace. Ga duk mai niyyar zuwa, tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci ita ce ko matuƙin yana kashe inji a cikin kurmi.

Da muka fito sarari sai yanayin tsibiran ya bayyana. Yawanci ana ƙidaya su 84, kuma kaɗan ne daga cikinsu ke da mazauna. Ba tsibirai ne masu duwatsu da kwakwa irin na hotunan kalanda ba. Tsohon murjani ne da ya taso daga ƙarƙashin teku ya bushe, shi ya sa suke a shimfiɗe, farare, kuma igiyar ruwa ta cinye gindinsu ta bar samansu a baje kamar faifai a kan tukunya. A kan ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu muka ga tarin ƙirare wanda tsayinsa ya kusa kai ƙirjin mutum, sheƙar wani shaho mai cin kifi, wanda a wannan teku da sanyi yake ƙyanƙyasa. Muna nan namijin ya dunƙule fikafikai ya faɗo ruwa da ƙafafu, ya tashi da kifi, ya juya kan kifin ya fuskanci gaba kafin ya nufi sheƙa. Na tambayi nakuda game da wani baƙin shaho mai launin toka da na ga hotonsa a tallar, ya yi dariya ya ce wannan baƙon bazara ne, yanzu yana can wajen Madagaska, duk wanda ya sa hotonsa a tallar Janairu bai san tsuntsun ba.

Dolfin kuwa ba mu neme su ba, su suka same mu. Masuntan Bahar Maliya suna kiransu Abu Salama, suna kuma ɗaukar ganinsu a matsayin alamar sauka lafiya. Sun kai goma sha biyar, suka jeru a gaban jirgin suna tsere da shi, ɗaya kuma ya yi ta tashi sama yana murɗawa kamar mazari kafin ya faɗa. Yaron jirgin ya so a ƙara wuta a bi su don mu sami hoto, nakuda ya hana, ya riƙe gudunsa daidai ba tare da ya karkata ba, ya ce in aka kore su nutsewa suke yi, in aka ƙyale su sai su zauna. Sun yi kusan minti goma tare da mu, kusa har ana jin fitar numfashinsu ta ƙofar da ke saman kai. Kawu, wanda da farko ya ce kifi ne, da ya ji wannan huci sai ya janye maganarsa.

Wurin murjani yana gefen wani ƙaramin tsibiri mai farin yashi wanda babu kowa a kansa. Ofishin ya yi alkawarin tabarau na iyo guda biyar, muka tarar da uku, ɗaya kuma yana shan ruwa, don haka muka yi karɓa-karɓa. A nan kuma na ga abin da bai yi mini daɗi ba daga jirginmu kansa: kafin nakuda ya ankara, yaron ya jefa ƙugiyar tsayar da jirgi a kan murjani mai rai, na kuma ga reshen da ta karya da idona sa'ad da na shiga ruwa. Dattijon ya yi masa faɗa ya sa ya ɗaga ta ya mayar kan yashi, amma ɓarnar ta riga ta auku, murjani kuwa dabba ce mai ginin gida a hankali, abin da ƙarfe ya karya cikin daƙiƙa yakan ɗauki shekaru kafin ya koma. Ofishin da ke cin abinci da wannan wuri ya kamata ya koya wa yaransa wannan tun ranar farko.

Duk da haka, abin da ke ƙarƙashin ruwan ya wuce yadda na zata. Zurfin bai kai tsayin mutum biyu ba, hasken rana kuma yana sauka har ƙasa, ga kifaye masu ratsin rawaya da shuɗi da baƙi suna kai da kawo tsakanin rassan murjani, ga wata ƙatuwar kumba mai leɓe shuɗi wadda ke rufe baki in inuwa ta gifta. Na ji wata ƙara kamar ana tauna ƙanƙara, da na duba sai na ga kifin da ake kira harid, mai baki irin na aku, yana kankarar jikin murjani don ya ci gansakukar da ke kai. Dutsen da ya haɗiye yakan niƙe a cikinsa ya fito a matsayin yashi, ke nan wani kaso na farin yashin da yara ke wasa a kai daga cikin wannan kifi ya fito, bayanin da ya sa babban ɗana ya yi ta kakkaɓe ƙafa. Kunkurun teku ɗaya ya wuce ta gefena, faɗinsa ya kai na babban faranti, yana tuƙi da hannuwan gaba cikin natsuwa, ya ɗago kai ya shaƙi iska ya koma.

Abincin ranar ba abin yabo ba ne. An ce sayadiyya mai zafi, wato shinkafar da ake dafawa da romon kifi da soyayyar albasa, sai ga ta a cikin robobi, an sayo tun da asuba, ta yi sanyi ta dunƙule, ruwan sha kuma kwalba shida ne ga mutum bakwai a yini mai rana. Abin da ya cece mu shi ne kifin sha'ur guda huɗu da nakuda ya saya da kuɗinsa a wajen wani masunci da safe, ya gasa a kan gawayi da gishiri da lemun tsami, ya kuma dafa shayi a tsohuwar buta. Kawu, wanda ba ya yabon kifin da ba na Kwara ba, ya cinye nasa har kai bai ce uffan ba, wanda a wajensa yabo ne babba. A bayan tsibirin, inda iska ke turo shara, akwai robobi da ledoji da yawa, muka cika buhu ɗaya muka taho da shi.

Da azahar ta yi muka yi alwala da ruwan teku, wanda hadisi ya tabbatar da tsarkinsa, Kawu ya shimfiɗa rawaninsa ya juya ya fuskanci gabas kamar yadda ya saba. Nakuda ya kama kafaɗarsa a hankali ya juya shi zuwa arewa, da ɗan karkata yamma, domin daga Farasan Makka tana can ne. Kawu ya tsaya jim, ya ce shekara saba'in yana kallon gabas, a Yawuri gabas, a Jidda ma gabas, har a bakinmu gabas ta zama sunan alƙibla, yau ga shi an juya shi arewa a tsakiyar ruwa. Nakuda ne ya ja mu sallar, yaron jirgin ya tayar da iƙama.

Bayan nan muka nufi tsibirin Ƙummah don ganin ginin da mutanen wurin ke kira Baitul Jarmal, wato Gidan Jamus, wani dogon gini na dutsen murjani da Jamusawa suka fara a 1901, zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa, don ajiye kwal ɗin jiragensu masu ratsa Bahar Maliya, ba su kuma kammala shi ba. Minti ashirin ya ishi mutum a wurin. Amfaninsa shi ne tunatarwa cewa waɗannan tsibirai da suke kamar ƙarshen duniya a kan babbar hanya suke, har an tono rubutun Latin na shekarar 144 Miladiyya da ke nuna cewa sojojin Rum sun taɓa zama a Farasan.

Saura aɗum, wanda dominsa Kawu ya baro keken ɗinkinsa. A hanyar dawowa nakuda ya ratsa da mu ta wani wuri marar zurfi mai ciyawar ƙarƙashin ruwa, ya kashe inji, ya nuna mana wasu fararen layuka masu lanƙwasa a cikin ciyawar, inda dabbar ta bi tana tumɓuke ta har saiwa. Muka jira kusan rabin awa, ba ta fito ba. Ya gaya mana ba tare da kwana-kwana ba cewa shi da yake kan ruwan nan kullum, a shekarar da ta wuce sau biyu kacal ya gan ta, kuma bai san ofishin yana sa ta a talla ba. Suka zauna shi da Kawu, ina yi musu tafinta inda Larabcin Kawu ya gaza, suna gwada dabbobin biyu: dukansu ciyawa suke ci, dukansu suna shayar da 'ya'ya, dukansu sai sun ɗago sun shaƙi iska, amma wutsiyar ayu zagayayya ce kamar mafici, ta aɗum kuwa a rabe take kamar ta dolfin. Kawu ya ba shi labarin yadda ake farautar ayu a gida saboda namansa da mansa, wanda masu magani ke sayarwa da tsada, har ya yi ƙaranci, nakuda ya ce su ma iyayensu sun ci naman aɗum, yanzu kuwa an hana. Ban ga alamar Kawu ya ji an cuce shi ba, amma ni na ji, domin sayar wa mutum abin da ba ya hannunka yaudara ce ko da mai saye ya yafe.

Iskar ta taso kamar yadda aka faɗa, wajen ƙarfe uku. Tafiyar minti arba'in ta koma awa ɗaya da kwata, jirgin yana hawa yana faɗuwa, ruwa yana watso mana ta gefen da rumfar ta yage, ƙaramar yarinyar ta yi amai, uwargida kuma ba ta saki salati ba har muka ga gaɓa. Nakuda ya riƙa karɓar igiyar ruwa a karkace yana rage wuta a kan kowace babba, ban ji tsoro a hannunsa ba, amma da an tashi a kan lokaci da duk wannan bai same mu ba. Mai saurin jiri ya sha magani tun kafin ya hau, kuma kada kowa ya yarda a tashi da shi bayan ƙarfe bakwai a wannan yanayi.

Washegari kafin jirgin fito na yamma muka zaga cikin gari da mota, abin da ba ya cikin kuɗin ofishin. Gidan Rifa'i, na wani attajirin lu'ulu'u, wanda aka gina a 1341 Hijiriyya, da Masallacin Najdi na 1347, duka an yi musu ado da sassaƙar farar ƙasa mai kyan gaske, irin wadda za ta tuna wa Bahaushe zanen bangon gidajen Zariya da Kano, kuma shaida ne na arzikin da nutso ya kawo kafin lu'ulu'un da Japanawa ke kiwo ya karya kasuwar. Ƙauyen Ƙassar mai gidajen dutse da dabino ma ya cancanci awa guda.

Da muka zo biyan ragowar kuɗi na lissafa wa wakilin jinkirin, da rigunan, da tabarau, da abincin, da aɗum, bayan doguwar magana ya rage riyal 150, na ƙara hamsin a kai na ba nakuda a hannunsa. A ganina riyal 900 ba su yi yawa ba ga mutum biyar a irin wannan yini, amma kusan duk abin da ya yi kyau daga dattijon ya fito, kusan duk abin da ya ɓaci kuma daga ofishin, wanda aikinsa bai wuce karɓar kuɗi da tura hoto ba. Wanda ke jin Larabci zai fi samun biyan bukata in ya kwana a tsibirin, ya je bakin ruwa da yamma, ya ga jirgin da rigunan da idonsa, ya yi ciniki da matuƙin kai tsaye.

Haka muka shirya yi a watan Afrilu, domin a kan hanyar dawowa nakuda ya ba Kawu labarin bikin harid. Sau ɗaya a shekara wannan kifi yakan taru garke-garke a ruwa marar zurfi a gaɓar Hasis, masunta su kewaye shi da raga, jama'a su jeru a bakin ruwa suna jira, da an ba da alama kuma sai kowa ya ruga a guje ya kama rabonsa. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ai wannan Argungu ce aka kawo teku, illa dai babu gora babu kiɗan Sarkawa, ya kuma tambaya ko ana barin baƙo ya shiga. Nakuda ya ce ana bari. Tun da muka koma Jidda ya aika gida a nemo masa homa, uwargida kuma ta riga ta sayo ƙananan rigunan kariya biyu na kanmu.